Bayan Malam Barmu

Farkon bazara ne, a shekarar da aka karya darajar sefa. Zafi ya sauko tun kafin lokacinsa. Yara suna gida don malamai suna yajin aiki, manya suna gindin bedi suna gardamar jam'iyya tun hantsi har la'asar, wa da ƙane sun daina gaisawa saboda launin hula. Duk abin da ke shigowa daga waje ya ninka tsada a kwana ɗaya, har da sabon kaset ɗin bidiyo, wanda da shi nake ci da ƴaƴana. Kowa ya samu bakin magana a shekarar nan, kuma kowa so yake a ɗauki maganarsa a ajiye.

Saboda ku nake rubuta wannan, ƴan yanzu. Ran nan ɗiyar ƙanwata ta ɗaga wayarta ta ɗauke ni ina tsince shinkafa, ta aika Yamai kafin in ɗaga kai, sannan ta ce, "Inna, wai da wannan ce sana'arki? Danna ja kawai?" Aka yi dariya, ni ma na yi. To ga amsar, da rubutuna na yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Ranar farko da na taɓa manyeto, wato injin da ake sa wa kaset, na wani ɗan duwan ne, wato ma'aikacin kwastan, injin ya cinye zaren kaset. Maigidana mai gyaran rediyo ne a zauren gidanmu na Sabon Gari, idonsa kuwa ya fara yana. Ya ce, "Ramatu, zo ki ara mani ido." Ya kama yatsana ya ɗora kan wani abu mai sheƙi kamar ƙaramar tukunya, ya ce wannan shi ne kai, shi ke karanta hoto. Ba a goge shi da auduga, gashinta yana karya shi. Farar takarda ake jiƙawa da alkol, a manna a hankali, a juya kan da yatsa ɗaya, kada a ja sama ko ƙasa. Shekara biyu ina goge kai, ina sauya roba, ina fiddo zaren da ya naɗe, kafin ya bar ni in danna jan nan da kuke rainawa. Da ganinsa ya ƙare, zauren ya zama nawa: manyeto uku, tele ɗaya, turnabis na kwance kusa, almakashi, da kanta mai layi huɗu.

Wata Hajiya ta taɓa kawo mani kaset ɗin bikin ɗiyarta da aka ɗauka a Katsina, in fidda mata biyu. Washegari ta dawo kafin in share zaure. "Kin wanke mani launi! Leshin da na sa shuɗi ne, ga shi kamar toka!" Na ba ta kujera, na sa kaset ɗin a tele ɗina, shuɗin ya fito. Na ce mata launi harshe biyu gare shi. Najeriya suna Pal, mu muna Sekam. Tele ɗin gidanta Sekam kaɗai yake ji, shi ya sa yake ba ta fari da baƙi. Nawa yana jin duka biyun. Ta ce, "Au, har tele yana da ƙasa?" Na ce yana da ita. Wannan bayanin na yi shi ya fi a ƙirga, kuma rabin masu ji suna fita ne suna ganin wayo na yi masu.

Lokacin kokowa na fi shan aiki. In kama ta daga tele, maza su yi layi kowa yana son nasa. Kaset ɗin da aka kama kai tsaye, uwa muke ce masa. Wanda aka fidda daga uwa, ɗiya. Daga ɗiya, jika. Kowace haihuwa hoton yana rage kyau. A ɗiya sai mai sana'a ke gane bambanci. A jika ja yana fita daga riga ya bi iska, fuska ta zama kamar an shafa mata mai. In aka kai tattaɓa-kunne, ba ka raba ɗan kokowa da alƙalin wasa sai da usur. Shi ya sa uwa ba ta fita daga zaure. Da an gama kama ta ake karya haƙorinta, wata ƴar roba a gefen kaset; in ba haƙorin, inji ba ya yarda ya ɗauki wani abu a kai. Sai fa in mutum ya liƙe ramin da sikoc, wato salatef, da gangan.

Akwai kuma gudu iri biyu, Es-Pe da El-Pe; mu tafiya da rarrafe muke ce masu. A tafiya zare yana wucewa da sauri, hoto ya zauna daram. A rarrafe zaren yana jan jiki, kaset ɗaya ya ɗauki aikin biyu, amma hoton yana rawa, launi yana zuba, in ka tsayar sai layuka su yanke fuskar mutum. Ban taɓa yi wa mai biya rarrafe ba sai ya roƙa, shi ma sai na nuna masa da idonsa. Kama shiri daga tele kuwa, ba a maimaita maka. Su ce ƙarfe biyar su fara biyar da rabi, iska ta juya eriya, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsaka. Zama ake yi da yatsa kan maɓalli, ko yaro ya faɗi a tsakar gida sai dai ka kira wani ya ɗaga shi.

Aikin da nake so ku ji, Dije ce ta kawo shi, tun farkon sanyi. Dije ƴar Jiratawa ce, matar aure mai ƴaƴa huɗu, ita ke kawo mani zogale ran kasuwa. Ranar ta shigo ba zogale. Ta ce babanta, Malam Barmu, ya rasu kwana tara da suka wuce. Kafin rasuwar masu tele sun je gonakin ruwa na Jiratawa sun ɗauki manoma, shi aka sa gaba don ya fi kowa daɗewa da ban ruwa. An aiko cewa Lahadi da la'asar za a nuna.

"Ramatu, ba mu da hotonshi ko guda," ta ce. "Na katin ɗan ƙasa ruwa ya cinye shi. Innarmu ta ce a kama mata shi."

Na ce ta kawo Innar ta gani da idonta.

"Tana takaba. Ta ce ba ta kallon tele sai ta hita. Ki aje shi wurinki, mu ba mu da kuran, ga gara."

Na fasa sabon kaset daga leda. Na goge kai tun safe, na roƙi maƙwabcinmu ya hau ya ɗaure eriya da waya, na sa tafiya. Allah ya taimaka kuran bai ɗauke ba. Shirin rabin awa ne da ɗan kai. Malam Barmu ya fito tun kusan farko: dogo, hula a karkace, haƙorin gaba ɗaya ya fita, yana bayanin yadda ake sakin ruwa fangali bayan fangali. Mai kamara ya matso har ana ganin furfurar gemunsa ɗaya ɗaya, da ƙudan da ya sauka a kafaɗarsa. Duk shekaruna a sana'ar ban kama hoto mai kyan wannan ba. Dije ta toshe bakinta da gyale har aka gama. Na fiddo kaset, na karya haƙori, na rubuta UWA, MALAM BARMU, JIRATAWA, na ɗiga jan farce a ƙarƙashinsa don in shaida shi, shi kaɗai na yi wa haka, na sa a layin sama.

Ya kamata in fidda ɗiya a ranar. Na ce sai jibi, jibi ta zama wata. Sai sefa ta faɗi, kaset ya yi wuya, duk wanda na samu aikin gaggawa ya cinye shi. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Saura kwana biyar Inna ta fita takaba, na tafi sunan jikar yayata na wuni can. Da na dawo da la'asar na tarar da takardun da nake mannawa a kaset zube a ƙasa, an ɓamɓare su, layin sama kuma da giɓi huɗu. Maigidana yana kan tabarma a bakin ƙofa. Ya ce, "Tun hantsi nake jin ƙarar sikoc. Na tambaye shi, ya ce kwali yake liƙewa."

Ƙanensa yake nufi, Sanusi. Babban mutum ne mai iyali, ya yi lakwal har kwaleji, a lokacin shi ke riƙe wa wani Alhaji jaka a jam'iyya. Zauren na gidan gado ne, yana da makulli. Ya shigo yana sharce gumi, da fara'arsa.

"Matar yaya, yau na yi maki aiki! Kaset goma sha biyu na mitin ɗin Alhaji, ni kaɗai na hidda su. Ashe abin naki ba wuya."

"Ina ka samu goma sha biyu?"

"Takwas Alhaji ya bayar. Na cike da tsofaffin nan na sama. Har El-Pe na sa maku, ai shi ne mai daɗewa."

Na duƙa na tsince takardun ƙasa. Ta uku ita ce. Na miƙa masa na ce, "Ka karanta wannan kafin ka ɓamɓare?"

"Rubutun naku na yaƙi da jahilci? Na ga an sa uwa, na ce uwar wa?" Ya yi dariya. "Na ma leƙa, wani tsoho ne shina surutu cikin gona. Matar yaya, ana maganar ƙasa kina maganar albasa."

Wato ya gani. Ba kuskuren hannu ba ne. Ya sa kaset, ya ga fuskar mutum, ya fiddo, ya yanki sikoc, ya liƙe ramin, ya mayar. Aiki shida ne, a kowane ɗaya yana iya tsayawa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kun san ni. Na ce ya ba ni makullin zaure. Ya ce zauren ubansa ne. Maigidana bai juyo ba, ya ce, "Ba ta." Ya jefa makullin kan kanta ya fita.

Da safe na tafi gidan Alhajin. Falke ne na turame da taki, gida mai ƙofar ƙarfe, mutane cike da benci. Na zauna har azahar kafin aka shigar da ni. Ya saurare ni yana duba wata takarda.

"Hajiya, kaset nawa ne? A ba ta sababbi biyu."

"Ba kaset nake nema ba, Alhaji. Mutum ne a ciki."

Sai ya ɗago. Na gaya masa ko wane ne, da matar da ke jira. Ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya sa aka kawo kwalin. Bakwai ne a ciki, duk an manna masu hoton jam'iyya. Na juya su ɗaya ɗaya, ba jan farce. Ya ce sauran an raba wa rassa, uku sun tafi Tsibiri. Zan fita na ce masa, tunda na zo, kaset ɗin mitin ɗinsa mai kamarar Katsina ya ɗauka, Pal ne, kuma a rarrafe aka fidda shi. A tele ɗin ƙauye tutarsu za ta fito toka, ba za a raba ta da ta abokan hamayya ba. Ya kira sunan Sanusi da wata irin murya. Ban tsaya ji ba.

A Tsibiri rumfar jam'iyya na bakin hanya. Mai kula da ita wani dattijo ne mai tabarau, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ta wace jam'iyya ce?"

"Ta manyeto, baba."

"Haka kuke cewa. Ku ɗauke mana kaset ku kai ma waɗancan su yi mana dariya."

Na ce ya riƙe su a hannunsa, ya juya mani ƙarƙashinsu kawai. Na farko babu. Na biyu ga ɗigon ja. Na fiddo sabon kaset daga jakata, wanda na fidda masa mitin ɗin a kai da hannuna, a tafiya, daga uwar mitin ɗin da Sanusi ya manta cikin inji. Na ce mu yi musanya, wannan ya fi nasa kyau. Sai da ya kira mutum biyu shaida kafin ya saki.

Da na iso gida na sa shi. Mitin ɗin kusan awa guda ne, amma da yake a rarrafe aka ɗauka, rabin awa na zare ya ci. Rashin sanin Sanusi shi ya bar mana ɗan kan da ya rage. Da ya san aiki, da ba abin da ya saura. Kada ku ce me ya hana a tambayi gidan tele. Na aika daga baya ta hannun wani direba, aka ce ba a samu ba, su ma kaset ya yi masu wuya a shekarar. Ran kasuwa na gaya wa Dije komai. Ta zauna kan buhun zogalenta. Ta ce, "Ni ban iya hwaɗa mata. Ke za ki hwaɗa."

Inna ta zo washegarin fitarta takaba, da hantsi. Gajeriyar tsohuwa ce, ta yi sabon kitso, ta sa zane mai kyau, ta riƙo mani ƙwai cikin ƙwarya. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Sannan na durƙusa na faɗa mata abin da ya faru, ban rage ba, har da jibin da na yi ta cewa. Ta saurara har na gama.

"Nuna mani abin da ya rage."

Na kai zaren ƙarshen mitin. Alhaji yana ɗaga hannu, baki buɗe, launin rigarsa yana bin iska. Sai hoton ya yage, layuka kamar bakan gizo suka gangaro daga sama, sai kore ya fito, tsaf, kamar an buɗe taga. Malam Barmu ya ba da baya, fartanya a kafaɗa, yana bin kunyar fangali yana nisa, sunayen ma'aikatan tele suna hawa ta kansa. Bai kai minti biyu ba.

"Shi ne," Inna ta ce. "Ga ɗingishin nan na ƙahwar hagu." Ta matso har gwiwarta ta taɓa teburin. "Ɗiyata, Dije ta ce kina iya maido abu baya. Maido shi."

Na danna baya da hoto. Malam Barmu ya taho da baya da baya, yana girma, har bayan rigarsa ya cika tele. Sai layukan nan, sai bakin Alhaji.

"Sake."

Na sake. Sau uku. A na huɗu na ce, "Inna, zaren yana cinyewa in aka yawaita."

"Har ya iso bai juyo ba?"

"Wajen da ya juyo shi aka shafe, Inna."

"Wa ya shahe?"

Daidai nan Sanusi ya turo motonsa, wato babur, ta zaure zai fita, don ba wata ƙofa. Na ce, "Ga shi nan." Maigidana ya ce, "Ramatu," a hankali. Ban janye ba.

Inna ta dube shi ta daɗe, har ya jingine moton ya rusuna. "Kai ɗan wane ne?" Ya faɗi sunan mahaifinsa. "Allah ya jiƙanshi. Wata huɗu da kwana goma ina zaune cikin ɗaki ina jiran in ga huskar mutum guda. To na ga ta ubangidanka."

"Inna, a yi haƙuri. Wallahi ban sani ba. Za a saya maku…"

"Mi za a saya?"

Ta juya masa baya, ta ce da ni, "Ba ni shi in tahi da shi, ko ban gani, ya kwana ɗakina. Amma ban shiga da wancan mai baki cikin ɗakin Malam." Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Ta tashi, Dije ta kama ta. Ƙwan ta bar shi, na bi ta da shi har bakin titi ta ƙi karɓa.

Washegari da na idar da sallar asuba na jira gari ya waye sosai, don aikin yana son haske. Na fara fidda ɗiya biyu daga minti biyun nan, a tafiya, na karya haƙoransu. Sannan na kwance kaset ɗin da turnabis, na warware zaren a hankali kan farin zane, ina gwadawa ina komawa har na sami daidai inda layukan suke ƙarewa. Na sa almakashi. Na haɗa bakin da farkon zare, na liƙe ta baya, na ɗaure kusoshi, na gwada: yana buɗewa da kore, ba wani baki. Mitin ɗin kuwa na naɗe shi a kara kamar zaren saƙa, na sa a jaka, na shiga motar Jiratawa.

Na tarar da su a gona, Inna ta fara fitowa ganin alkamar da Malam Barmu ya shuka, ta nuna, tsuntsaye sun dame ta. Na miƙa mata kaset, ta sa cikin zanenta. Na fiddo karan na nuna wa Dije, ta gane ba sai na faɗa ba, don da tsohon zaren kaset ake korar tsuntsu, yana walƙiya yana kuka in iska ta buge shi. Muka kafa karare, ta riƙe baki ɗaya na riƙe ɗaya.

Inna tana zaune a inuwar zogale ta ɗaga murya. "Ku ja shi da ƙarhi. Tunda surutu ya iya, ya yi ma tsuntsaye."

Muka ja. Ya zagaye fangali shida, har da saura.